"A sallame shi": wa zai fassara wa kotu sara?

Barista Rabi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da rigima na zo, kuma na san Yallaɓai Garba ba zai bar ni in huta ba. Ni dai a ganina bai kamata kotu ta ɗaure mutum a kan sara ba. Ina nufin irin maganar da samari ke yi a tsakaninsu, a titi ko a waya, wadda ba ta zama laifi sai ɗan sanda ya tsaya gaban alƙali ya ce "abin da yake nufi shi ne kaza". Kalmar sara ba ta da masauki guda. Bana tana nufin wannan, baɗi ta koma wancan, ka tsallaka wata unguwa ka tarar da ma'anarta daban. Hasashe ne kawai ake sa wa rigar hujja.

Yallaɓai Garba: Wa'alaikumussalam Barista. Shekara 28 na yi ina binciken laifi kafin in ajiye kaki, ban taɓa ganin dilan da ya rubuta "gobe da ƙarfe 4 zan kawo maka hodar iblis" ba. Kullum "kaya" ne, "fari" ne, "abin nan" ne. Don su ɓoye suke yin haka. Idan kika ce kada a fassara, kin ba su takardar izini kenan: kowa ya canza wa laifinsa suna ya yi kwanciyarsa. A 2020 'yan sandan Faransa da na Holan sun kutsa cikin wata manhajar sirri, EncroChat, suka karanta saƙonnin miyagu na watanni. A Birtaniya kaɗai sama da mutum 700 aka kama a karon farko. Yawancin saƙonnin nan da sara da zaurance aka rubuta su. A watsar da su kike nufi?

Barista Rabi: Waɗancan ai an kama su da bindigogi da kuɗi da ƙwaya. Saƙon ya nuna hanya ne, kayan kuma suka yi magana da kansu. Ni damuwata inda babu komai sai kalmar.

Abba: Ku yi haƙuri manya, ita kanta kalmar "sara" ɗin nan da kuke ta rubutawa, wacce daga ciki? Ta adda, ko ta kai ƙarar mutum wajen hukuma, ko tamu ta samari? Idan na rubuta wa abokina "gayen nan ya iya sara", Baba Garba zai iya kama shi ai.

Yallaɓai Garba: Kai Abba, da kai zan fara.

Barista Rabi: Wasa yake yi amma ya taɓo inda ke ciwo. Ga wadda ba wasa ba. A watan Nuwamban 1952, a Kuroidon da ke kudancin Landan, wasu samari biyu suka hau rufin wani sito za su yi sata. Derek Bentley mai shekara 19, da Christopher Craig mai shekara 16. Bindigar tana hannun ƙaramin. 'Yan sanda suka riga suka riƙe Bentley, sai suka ce sun ji ya ɗaga murya ya ce wa abokinsa wata magana da in ka juya ta zuwa Hausa za ta zama "ba shi, Chris!" Craig ya yi harbi, ya raunata ɗan sanda guda, daga baya ya kashe wani mai suna Sidney Miles. Masu gabatar da ƙara suka ce "ba shi wuta" yake nufi. Ana kuma iya jin ta a matsayin "ba shi bindigar". Su kuwa samarin biyu cewa suka yi ba a ma furta kalmar ba. Craig bai kai shekarun kisa ba, ya yi shekara 10 ya fito. Bentley, wanda bai taɓa kunamar bindiga ba, aka rataye shi ranar 28 ga Janairun 1953. Sai a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Shekara 45 yana cikin kabari.

Abba: Subhanallahi. Kuma a Hausar ma haka take da baki biyu. "Ba shi!"

Barista Usman: Salamu alaikum, yanzu na shigo. Barista, a matsayina na mai gabatar da ƙara dole in gyara wani abu, kada 'yan zaure su tafi da rabin labari. Ba don kotu ta gano ainihin ma'anar kalmar aka soke hukuncin ba. An soke shi ne saboda alƙalin farko, Lord Goddard, ya karkata ƙarara wajen yi wa masu taya shi yanke hukunci bayani, bai faɗa musu yadda ya kamata ba cewa nauyin tabbatar da laifi yana wuyan gwamnati. Laifin alƙali ne, ba laifin karɓar magana a matsayin shaida ba.

Barista Rabi: Na yarda da gyaran. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: magana mai fuska biyu ta shigo kotu, wanda ya kamata ya tsare kokwanton kuma ya jingina da 'yan sanda. Haka ake yi har gobe.

Dakta Nasiru: Akwai wani ɓangare na shari'ar nan da mu masu nazarin harshe muke koyarwa. 'Yan sanda sun rantse cewa bayanin da Bentley ya sa wa hannu, daga bakinsa suka rubuta shi kalma bayan kalma, ba su yi masa tambayoyi ba. Farfesa Malcolm Coulthard ya duba takardar ya ga kalmar "sannan" ta Turanci ta yi yawa fiye da yadda mutum ke yi in yana ba da labari, kuma tana zuwa bayan "ni" maimakon gabansa, wanda salon rubutun rahoton 'yan sanda ne. Wato hannun mai rubutu ya bar sawu a cikin maganar da aka ce ta yaron ce. An gabatar da wannan a ɗaukaka ƙarar 1998.

Sai dai Barista Rabi, ban bi ki har ƙarshe ba. Cewa sara ba ta da ma'ana tsayayya ba daidai ba ne. Da ba ta da ita da masu yin ta ba su fahimci juna ba. Tana da ma'ana sarai, amma a wajen wasu mutane, a wani lokaci, a cikin wata hira. Kuma ba sara kaɗai ke da wannan hali ba. Ɗauki "an wanke shi". A bakinku lauyoyi, kotu ta ce ba shi da laifi. A bakin 'yan kasuwa, an damfare shi. In an ƙara "da mari" kuma wani zance ne. Babu wanda ya ce a daina karɓar Hausa a kotu saboda haka.

Barista Usman: Madalla Dakta. To ga gwaji. An samu saƙo a wayar wani: "Gobe a sallami mutumin nan." Washegari aka tsinci mutumin nan an yi masa jina-jina. Barista, in ɓoye wa kotu wannan saƙon?

Abba: Sallama ai biya ne. Ko kora daga aiki. Ko a ba shi ɗan wani abu ya tafi ya daina damun mutane.

Yallaɓai Garba: Ko a aika shi inda ba a dawowa. Na ji an yi ta da wannan ma'anar da kunnena.

Barista Rabi: A nuna saƙon, ban hana ba. Amma a nuna na sama da shi da na ƙasa da shi, ba a yanko layi guda a manna a allo ba. Shin akwai bashi tsakaninsu? Mai saƙon ya taɓa cewa "a sallami" wani a baya, me ya biyo baya? In sau biyar ya faɗa sau biyar ana tura kuɗi, to na shidan ma kuɗi ne har sai ka kawo abin da ya nuna akasin haka. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne jami'in da ya kama shi, ya yi masa tambayoyi, yake jiran a yaba masa in an ɗaure shi, shi ne kuma zai sa hular ƙwararre ya ce wa kotu "a yarensu sallama kisa ce".

Barista Usman: To kin sauko daga inda kika fara. Da farko cewa kika yi kada a ɗaure kowa a kan sara.

Barista Rabi: Na sauko taki ɗaya. Kada ka yi murna.

Hajiya Binta: Ku bar ni in sa baki, ni da na tsufa ina tafinta a kotu. Ranar da na fara aiki aka rantsar da ni cewa ba ni da ɓangare. In ɗan'uwana ne a akwatin tuhuma, dole in faɗa a nemo wani. In kalma tana da ma'ana biyu, ba ni da ikon zaɓa wa kotu guda, sai in ce "ranka ya daɗe, wannan kalma tana ɗaukar kaza da kaza", alƙali ya sa a tambayi mai maganar. Duk wannan tsantseni ana yin sa ne in mutum yana wani harshe daban. Amma in yaro ya yi magana da harshen da alƙali yake ganin ya iya, sai dai da irin karin da alƙalin bai taɓa zama cikinsa ba, babu tafinta, babu rantsuwa, kowa sai ya ɗauka ya gane. Nan ne haɗarin ya fi yawa. Wanda ya san bai ji ba zai tambaya. Wanda ya zaci ya ji, rubutawa kawai zai yi.

Dakta Nasiru: Hajiya, an auna wannan abin da kika faɗa. A 2019 Taylor Jones da abokan aikinsa suka gwada masu ɗaukar bayanan kotu 27 a Filadelfiya ta Amurka. Mutanen nan sai sun ci kashi 95 cikin 100 ake ba su shaidar aiki. Aka kunna musu jimloli da karin Turancin baƙaƙen fatar Amurka. Jimlolin da suka rubuta daidai ba su kai kashi 60 ba. Akwai inda mai magana ya ce wane ba ya zuwa unguwar nan, aka rubuta "za mu kasance a unguwar nan". Ba sara ba ce ma, nahawun karin ne kawai. Kuma wannan rubutun shi kotun sama za ta karanta in an ɗaukaka ƙara.

Barista Rabi: Ga ta jihar Luwiziyana ta Amurka kuma. Wani matashi ana yi masa tambayoyi a ofishin 'yan sanda ya ce a ba shi lauya, ya rufe maganar da kalmar da samarinsu ke kiran juna da ita, kamar ka ce "mutumina". Kalmar a asalin Turanci "kare" take nufi. Mai rubutu bai sa waƙafi a tsakani ba, sai ta fito kamar yana neman "lauya kare". Aka ci gaba da tambayarsa ba lauya. A 2017 kotun ƙolin jihar ta ƙi sauraren kokensa, mai shari'a Scott Crichton ya rubuta cewa maganar "lauya kare" ba ta fito fili a matsayin neman lauya ba.

Abba: Haba dai! Akwai karen da ya yi makarantar lauyoyi ne?

Barista Usman: Duniya ta yi dariya a kan wannan, ni ma na yi. Amma a faɗi gaskiya: ya fara maganar da "in kuna ganin ni na yi", kuma tun 1994 kotun ƙolin Amurka ta ce sai neman lauya ya fito ƙarara ba sharaɗi. Ko babu zancen kare, akwai abin jayayya.

Barista Rabi: To me ya kai mai shari'a ga karen? Ka ga abin da ke ba ni haushi: in sara za ta cutar da yaro, nan take jami'i ya zama gwanin yaren titi. In za ta amfane shi, sai kowa ya koma bai taɓa jin ta ba.

Yallaɓai Garba: Kada ki mai da mu mu kaɗai ne masu murɗa magana. Ku ma gwanaye ne. A shari'ar mawaƙin nan Young Thug a Atlanta, a 2023, lauyansa ya tsaya gaban kotu ya ce sunan nan da kowa ya san "ɗan daba" yake nufi, wai taƙaitawa ce ta "mai tawali'u na gaskiya a gaban Ubangiji". Bayan shekara guda mutumin ya amsa wasu daga cikin tuhume-tuhumen.

Barista Rabi: Wannan kam ko ni sai da na rufe fuska.

Abba: Tunda an zo kan waƙa, nan ne ni abin ya fi ci mini rai. Waƙar gambara cika baki ce. Yaron da ko kaza bai iya yankawa ba zai ce ya kwantar da mutum goma, don in bai faɗa ba babu mai saurarensa. Mai rubuta labarin kisa ba a kama shi, mai fitowa a mugu a fim ba a kama shi. Me ya sa namu ne kaɗai ikirari?

Dakta Nasiru: Wannan ma an gwada. A 2016 Charis Kubrin da abokan bincikenta a Jami'ar Kalifoniya suka ba mutane baitoci iri ɗaya. Wasu aka ce musu na gambara ne, wasu aka ce na waƙar ƙauyen turawa ne. Waɗanda aka ce wa gambara sun fi ɗaukar baitocin a matsayin gaskiyar abin da mawaƙin ya aikata, sun fi ganin haɗari a ciki. Kalmomin ba su canza ba, hoton mai faɗar su ne ya canza a zuciyar mai karatu.

Barista Usman: Shi ya sa kotuna suka fara ja layi, kuma layin ya yi mini. A 2014 kotun ƙolin jihar New Jersey ta Amurka ta tabbatar da rushe hukuncin wani da aka karanta wa kotu shafuka na baitocinsa, waɗanda ya rubuta tun kafin abin ya faru. Ta ce sai in baitin yana da alaƙa mai ƙarfi da ainihin laifin. A 2020 kuwa babbar kotun Maryland ta amince da baitocin da wani ya rera ta wayar gidan yari ana saura makonni a fara shari'arsa, domin ya ambaci irin harsashin da aka tsinta a wurin kisan, ya kuma yi wa masu tona asiri barazana. Kalifoniya ta mai da irin wannan tacewar doka a 2022. Ka ga Abba, ba a ce waƙa ikirari ce ba, ba a kuma ce mafaka ce ba.

Malam Isa: Ina ta karatu ban ce komai ba. Wannan mas'ala tsohuwa ce a fiƙihu, babin sarihi da kinaya. Lafazin da ya fito fili ba a tambayar niyya, mai lulluɓi kuwa sai an duba niyya da halin da aka faɗe shi. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar wasu mutum biyu suna zage-zage, ɗaya ya ce wa ɗaya: "Wallahi ni ubana ba mazinaci ba ne, uwata ma haka." A zahiri iyayensa ya yaba. Umar ya nemi shawara. Wani ya ce yabo ne kawai, wasu suka ce in yabo yake so akwai wanda ya fi wannan, habaici ne. Aka yi masa bulala 80. Imam Malik ya tafi a kan haka, Abu Hanifa da Shafi'i kuwa ba su ga haddi a kan habaici ba, saboda shubuha.

Yallaɓai Garba: Allah ya ƙara ilimi Malam. Kin ji ko Barista? An hukunta a kan abin da ake nufi.

Malam Isa: Yallaɓai, kada ka ɗauki rabin ka bar rabi. Ba wanda aka zaga ya fassara ba, ba kuma wanda ya kawo ƙarar ba. Masu jin harshen aka tara, aka ji ɓangare biyu, kuma duk da haka malamai suka saɓa.

Barista Rabi: Shi ke nan abin da nake nema. A 2003 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a New York ta yi gargaɗi a kan haɗa mai binciken shari'a da ƙwararren mai fassara zaurance a jikin mutum guda, domin yakan zarce daga fassarar kalma ya shiga faɗin ra'ayinsa a kan laifin, masu saurare kuma ba sa iya rabewa. A 2015, a shari'ar Myers daga tsibirin Bamuda, alƙalan Landan da ke sauraron ɗaukaka ƙara ta ƙarshe daga can sun ce ɗan sanda yana iya zama ƙwararre a kan ƙungiyoyin daba, amma da sharaɗin ya faɗi inda ya samo saninsa, ya kuma faɗi abin da ya saɓa wa ra'ayinsa. Sau nawa ka ji jami'i ya ce "wannan kalma tana kuma nufin biya", Barista Usman?

Barista Usman: Ba sau da yawa ba. Amma aikinki ne ki tatso shi da tambaya.

Barista Rabi: In na san ma'anar ta biyu kenan. Ni ma ba a titi nake kwana ba.

Abba: Ba sai ku duba intanet ba?

Dakta Nasiru: An yi. Kotunan Amurka sun sha ambaton Urban Dictionary a hukuncinsu. Shafi ne da kowa ke iya shiga ya rubuta ma'anar da ya ga dama, har da ta barkwanci. Kai ma yau da dare kana iya ƙara taka.

Yallaɓai Garba: Bari in faɗi wani abu da ban cika faɗa ba. Mun taɓa bin wasu mutane wata huɗu. Duk sanda suka ce "baƙuwa ta sauka", kaya ne suka iso. Sau uku muna tabbatarwa da idonmu. Ran nan da tsakar dare babbansu ya kira ɗan'uwansa yana murna, "baƙuwa ta sauka lafiya". Kafin asuba mun kewaye gidan, muka ɓalle ƙofa. Matarsa ce ta haihu. 'Ya mace. Har yau ina ganin fuskar tsohuwar da ke riƙe da jaririyar. Mutumin dila ne, daga baya an kama shi da kaya a hannu. Amma a daren nan da an sa ni a akwatin shaida, da na rantse da Alƙur'ani cewa ƙwaya yake nufi, kuma da ban san ƙarya nake yi ba.

Hajiya Binta: Allah ya saka da alheri da ka faɗa, Yallaɓai.

Yallaɓai Garba: Amin Hajiya. Amma ban canza sheƙa ba fa. Sau uku na yi daidai. Kuma har yanzu ba ku ba ni amsa ba: in ba mu ba, wa? Dakta ya san ƙa'idar harshe, amma kalmar da aka ƙirƙira watan jiya a lungu bai ji ta ba. Hajiya ta yi ritaya. Wanda ya san yaren da gaske shi ne yaron da ke cikinsa.

Dakta Nasiru: Ba sai na san kalmar tun da ba. A ba ni duk saƙonnin, ba guda goman da aka zaɓa ba, in bi kowane wuri da ta fito in ga me ke biyo ta. In kuma tambayi masu irin shekarunsa da ba su san shari'ar ba, ba tare da na gaya musu amsar da ake so ba. Abin da ya fito in kai wa kotu, ko ma'ana uku ce.

Barista Usman: Wa zai biya, kuma wata nawa za a jira? Ina da fayil sama da 60 a tebur, waɗanda ake tuhuma suna tsare.

Barista Rabi: A fara da shari'o'in da kalmar ce ginshiƙi, inda in ka cire ta babu abin da ya rage. Ba su kai yawan da kake tsoro ba. Abba, in aka kira ka kotu a ce ka faɗi abin da "a sallame shi" ke nufi a bakin sa'o'inka, za ka je?

Abba: Anti, in faɗa miki gaskiya? In fassarata ta fitar da shi, 'yan sanda za su ce ni ma ɗan ciki ne, tunda na iya yaren. In ta ɗaure shi, ba zan sake bin layinmu da dare ba. Ku dai nemi Dakta. In ya zo da takardar tambayoyinsa zan cika masa, amma kada ya rubuta sunana.